Garwashin Gidan Attracta

Tun daga bakin titi Dympna ta ji ƙararrawar hayaƙi tana ihu. Ko mota ba ta kashe ba, ta ruga cikin ruwan sama. Da ta tura ƙofar kicin, hayaƙi ya tare ta har sai da ta ja da baya. Uwarta, Attracta Mulvihill, tana zaune a kujerarta gaban murhu, hannaye a gwiwa, idanu jajur.

"Mama! Tashi!"

"Fara kashe mini abin nan tukuna. Ya cika mini kunne tun da safe."

Dympna ba ta tsaya gardama ba. Ta ciccibi tsohuwar zuwa rumfar ajiya da ke bayan gida, ta lulluɓa mata kwat, ta koma ta buɗe tagogi duka. A gefen murhu ta ga tsohuwar tukunyar ƙarfe da toka a cikinta, nan take ta gane abin da ya faru. Ta sa awartaki ta kwashe garwashin daga murhu ta zuba a tukunyar, ta fito da ita rumfa ta dire.

Maganar ta samo asali ne tun hunturun bara, da likita ya ce ƙirjin Attracta ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. Fintan, yayan Dympna, ya ce a kai ta gidan tsofaffi a huta. Dympna ta ƙi. Ita ta yi ta zarya a ƙaramar hukuma har aka zo aka liƙe gidan ta yadda iska ba ta shiga, aka sa injin ɗumama ɗaki mai aiki da lantarki, aka toshe bututun hayaƙi daga sama. Fintan ya yarda, amma da sharaɗi: tsautsayi ɗaya ya faru, tsohuwa ta tafi. Yau kuma Lahadi, yana nan tafe bayan an tashi daga coci.

Abin da su biyun suka manta shi ne wutar. A gidajen da ke bakin fadama a tsakiyar ƙasar Ailan, ba a barin wutar murhu ta mutu. Kowace yamma ana binne garwashi da toka, da safe a tone a ɗora sabon tubalin gawayin fadama, wato baƙar ƙasar fadamar da ake yanka a busar, mai cin wuta kamar itace. Idan za a tashi daga gida, a tukunya ake ɗaukarta a kai sabon murhu. Attracta ta tarar da wannan wutar tana ci ranar da aka kawo ta gidan, uwar mijinta ta damƙa mata. Duk kwanakin da ma'aikata suke aiki, ashe tana ciyar da ita a ɓoye a bayan rumfa. Da suka tafi, ta mayar da abarta gida.

"An gaya miki an toshe bututun," in ji Dympna. "A gabana aka gaya miki."

"Wani yaro mai ɗan kunne ya faɗi wani abu. Ni na ɗauka tsuntsaye za su hana shiga."

"Tsuntsaye! Mama, da na biya ta kanti kamar yadda na yi niyya, da gawarki zan tarar."

"Da kin huta da zarya."

Dympna ta zauna a kan buhun dankali. Ba ta da ƙarfin yin fushi ma. Daga ƙofar rumfar ana hango fadamar, shimfiɗe, baƙa, ruwa ya kwanta a ramukanta tun da hukuma ta toshe magudanai don ta sake jiƙa.

A faɗi gaskiya, ba tsohuwar nan ce ta cinye fadamar ba. Injuna ne suka cinye ta. Shekara da shekaru ana kankare ta ana loda wa jirgin ƙasa zuwa tashar lantarki ana ƙonawa, birane suna haske, ba wanda ya tambayi daga ina. Mijin Dympna a tashar ya ƙarar da ƙuruciyarsa, aka rufe ta, aka sha hannu da shi, yanzu motar kai kaya yake tuƙawa. Sai da kogin Shannon ya fara shiga gidaje duk hunturu sannan aka tuna hayaƙi yana da illa. Kuma yana da illar. Duk wanda ya ce babu, bai taɓa kwashe laka daga falonsa ba ne. Dympna ta kwashe, ba sau ɗaya ba. Amma masu babban laifi sun canza riga kawai, su ne yanzu masu manyan fankokin iska masu samar da lantarki da ke jere a bayan fadama, aka bar wa mata irin Dympna aikin raba tsofaffi da murhunsu.

"Saurare ni, Mama. Yaya Fintan yana hanya. Ko wutar nan ta bar gidan nan, ko ke ki bar shi. Ba ni da dabara ta uku, na gaji."

Attracta ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da gefen kwat.

"To ɗauke ta ki kai gidanki. Dama ke ya kamata ki gada."

"Gidana ba murhu. Tun bayan ambaliya aka cire."

"Na Fintan fa?"

"Matarsa ta sa talabijin a wurin."

"Za ta aikata. Gidan Malachy Geraghty?"

"Malachy ya rasu, Mama. Kin je jana'izarsa, har kika ce Fadan cocinmu ya cika surutu."

"Ai ya cika. Su Concepta na ƙasan hanya?"

"Injin ne irin naki. Ita ta fara sawa ma."

Tsohuwar ta ci gaba da kiran gidaje, tana bin hanyar ƙauyen a ranta daga coci har gada. Wannan ya mutu, wancan 'ya'yansa sun sayar wa mutanen birnin Dublin da ke zuwa hutu, wancan ya toshe. Da ta kai gada, gidaje suka ƙare. Ruwa yana ta dukan kwanon rumfa.

Dympna ta miƙe ta ɗauko bokiti.

"Ajiye!" in ji Attracta. "Da ruwa? Gobara ce? Ba ni awartakin, ke ba ki san komai ba."

Ta durƙusa da ƙyar, ta riƙa ɗauko garwashin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan dutsen daɓen rumfar, nesa da juna, yadda wani ba zai ɗumama wani ba. Ta yi alamar gicciye. Suka zauna suna kallo, jan yana ja da baya, fari yana rufewa. Bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Dympna ta so a ce ya fi haka daɗewa.

Ana cikin haka motar Fintan ta tsaya. Ya leƙa kicin, ya fito yana fifita hanci da hularsa, ya tsaya a ƙofar rumfa da kwat ɗin coci.

"Me ya ƙone a gidan nan?"

"Mama ta hura wuta a murhu," in ji Dympna. Ta ga ba amfanin ƙarya, warin ya riga ya kama labule.

"A murhun da aka toshe? Dympna, mun yi magana da ke."

"Mun yi."

"To? Sai ta kashe kanta sannan hankalinki ya kwanta? Gobe ma haka za ta yi, da kin juya baya."

"Da me zan yi?" in ji Attracta, ba ta ko ɗago kai ba. "Da ashana? Ni ban taɓa kunna murhu da ashana ba, ba kuma zan fara don in ba ka haushi ba, mai ƙaton kai. Ga ta nan. Duba da kyau."

Fintan ya dubi daɓen. Shi ma a gaban wannan wutar aka shanya masa safa duk yarintarsa. Ya sa ƙafa ya taɓa ɗaya daga cikin garwashin, ya ruguje ya zama toka.

"Ke kika kashe?"

"A'a, Fada ne ya zo ya kashe."

Ya daɗe a tsaye yana juya hula a hannu. Dympna tana jira.

"A ga yadda hunturun nan zai wuce," in ji shi daga ƙarshe. "Ban ce na janye ba."

"Na ji," in ji Dympna.

Suka kama tsohuwar, kowa da hannu ɗaya, suka shiga da ita. Kicin ya yi sanyi ƙarara saboda tagogin. Attracta ta tsaya gaban ɗan farin akwatin kunna injin ɗumama ɗaki da aka manna a bango, ta ƙura masa ido.

"Ke, wanne ake dannawa? Ƙafafuna sun daskare."