Rigar Tutai

"Ciki ne ya haife shi, ba tukunya ba!" in ji Mama Vaine, ta buga tebur har kambin furannin da ke kanta ya karkace.

"Cikin ya yi wata tara ya huta," Mama Nga ta mayar mata. "Tukunyar tawa shekara talatin tana kan wuta."

Wanda ake rigimar a kansa, Tutai, yana zaune a ƙarshen zauren cocin Titikaveka, ƙauyensu da ke kan tsibiri, ƙato kamar kwalekwale, yana cin gwaza da ɗanyen kifi a madarar kwakwa, bai ɗaga kai ba. Taron dangi ya matso. Kowane gida da launin rigarsa, kuma ranar ƙarshe akwai jan igiya. 'Yar gidan Kore ce ta haifi Tutai, amma tun bai yi haƙori ba aka miƙa shi riƙo ga Mama Nga ta gidan Rawaya, yadda ake yi. Mama Vaine, uwar gidan Kore, ƙarfinsa take so a igiyarta. Ita kuwa Mama Nga ba igiyar ce ta dame ta ba. So take ta gan shi cikin rawaya a gaban dangin da suka taso daga Auckland da Sydney, a san ɗan wa ne.

Tsakaninsu Moeroa ce zaune da kwamfuta, jikar dangin, mai aikin kwamfuta a Auckland. Ta shigar da kowa, kowane mutum da alamominsa: suna, shekarar haihuwa, uwar da ta haifa, uwar da ta riƙa. Ta kuma rubuta takardar tsari mai gaya wa na'urar yadda za ta kasa mutane gida-gida, ta jera su daga babba zuwa ƙarami, majigi ya haska a bango.

"Iyayena, layi ɗaya ne fa," ta ce, idonta na ƙyalli. "In na ce a kasa ta uwar riƙo, ga shi a Rawaya. In na ce ta uwar haihuwa, ya koma Kore. Amma abin da na faɗa mata, kowa za ta yi wa. Ba ta san fuska ba."

"Madalla da ita! Sa jini, 'yar nan. Jini kawai," in ji Mama Vaine.

Mama Nga ta zabura. Ta dubi Tutai, ta tuna daren da ƙyanda ta kama shi, ta buɗe baki za ta yi ihu. Sai ta rufe. Wani tsohon zance ya faɗo mata, wanda duk tsibirin ya sani har aka gaji aka manta. Ta gyara furen kunnenta, ta naɗe hannu.

"To, a sa jinin," ta ce da murya kamar zuma. "Ai ke ce mai ilimi, Vaine."

Moeroa ta goge kalma ɗaya, ta rubuta wata, ta danna. Bango ya girgiza da sunaye. Matan da ke ɗinkin barguna suka ajiye allura suka matso, kowa na neman kansa. Ga Tutai can a Kore! Mama Vaine ta miƙe tana kaɗa ƙugu kamar budurwa, tana guɗa.

"Mama Vaine," in ji Tutai da bakinsa cike, "ban ga sunanki a gidanmu ba."

Aka duba Kore daga sama har ƙasa. Babu ita. Moeroa ta gangara da shafin a hankali zuwa Rawaya. Layin farko, Ngatokorua, wato Mama Nga. Layi na biyu, daram a ƙarƙashinta, Vaine.

Ai ita ma riƙonta aka yi! Ƙanwar uwar Mama Nga ce ta haife ta, aka kai ta Kore a tsumman goyo.

Zaure ya ɗauki sowa. Wata tsohuwa ta yi dariya har haƙoran robarta suka zame.

"Sannu da dawowa gida, ƙanwata," in ji Mama Nga. "Akwai rigar rawaya babba, za ta shige ki. Ranar taro ki riƙe mini jakata."

"Na'urar nan maƙaryaciya ce! Shekara saba'in ina cin tukunyar Kore, ni na binne uwata a can!"

"Au, tukunya?" in ji Mama Nga.

Mama Vaine ta waiwaya. Ta dubi bango, ta dubi Tutai, ta dubi Moeroa da ke cizon leɓe.

"Mayar da shi yadda yake, mara kunya!"

Dannawa ɗaya, Tutai ya koma ƙarƙashin wadda ta goye shi. Ya lashe yatsu, ya ɗauko rigar rawaya daga kwali, ya fara kokawar cusa kafaɗunsa.

"Vaine, ga furenki ya faɗi!" Mama Nga ta kira ta.

Ƙofar da Mama Vaine ta bugo tana fita ce ta amsa, garam, har sunayen da ke bango suka yi rawa.