Kwalabe Uku da Na Goge wa Suna

Aikina na shida ke nan tun da na bar makaranta. Na yi gyaran waya, na yi fenti, na yi dakon kaya, ko'ina ba na cika wata uku. Shi ya sa a gida ake kirana Ƙafar Yawo. Wannan karon Yaya ce ta tsaya mini, aka ɗauke ni wankin kwalabe a ɗakin gwajin da take bincike.

Abin da take haɗawa gari ne fari, irin wanda ake shafawa a fuskar waya ta riƙa haske da kanta, ba fitila a bayanta. Wata biyar ta yi tana haɗa iri uku. Duk uwa ɗaya, sai dai kowanne ta liƙa masa ƙwayar sinadari dabam: ɗaya fulorin, ɗaya buromin, ɗaya aidin. Tana son ta ga yadda kowace ƙwaya ke sauya hasken.

Ran nan da safe na ga ƙananan kwalabenta uku duk shatin yatsu. Na ce bari in burge ta. Na jiƙa tsumma da asiton, ruwan da muke cire maiƙo da shi, na goge su tas. Sai da na ajiye ta ukun na lura tsumman ya yi baƙi. Sunayen da ta rubuta da alƙalamin maka sun tafi.

Yaya ta shigo, ta duba kwalaben, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Ƙarfe biyu layina zai zo a injin shafawa," ta ce a hankali. "In na rasa yau, sai wani watan. Me zan zuba, Ƙafar Yawo? Gari uku, duk fari."

"A kai na'urar tantancewa mana," na ce.

Baba, dattijon da ke kula da kayan ɗakin, ya yi dariya ta hanci. "Na'urar da ke da layin mako biyu? Kai, ɗan nan, tsaftarka ta fi ƙazantar wasu ɓarna."

Na riga na fara tunanin inda na rataye jakata. Haka na saba, in abu ya ɓaci sai ƙafa. Amma sai na tuna wani abu. Rashin zamana ya sa duk lokacin da Yaya ta shiga ƙaramin ɗakin duhu da fitilar gwaji, ina bayanta ina leƙe.

"Yaya, ai ba haskensu ɗaya ba. Akwai mai ƙyalli shuɗi har ya kashe ido. Akwai mai dishi-dishi. Akwai wanda kamar ya mutu, sai kin tsoma shi a ruwan sanyin nan mai hayaƙi, kin kashe fitila, sannan ya yi kore."

Sai ta buga goshinta. "Tashin hankali ya rufe mini kai. Ɗauko ma'auni."

Ta auna daidai wa daida daga kowace kwalba, ta narkar, muka shiga ɗakin duhun mu uku. Ta kunna fitila. Na farko ya ɗau shuɗi nan take.

"Fulorin," in ji Yaya. "Ba shi da nauyi, ba ya tare hasken."

Sauran biyun ne abin tsoro, don duka sun dushe. Baba ya kawo ruwan sanyin, wato ruwan naitirojin, ta tsoma su, hayaƙi ya lulluɓe mana hannu. Ta haska su, ta kashe fitila. Na dama ya yi ɗan kore kaɗan. Na hagu, wanda ɗazu ko ƙyas bai yi ba, ya kama kore sosai, sannan ya mutu.

"Ga aidin," in ji Yaya. "Wancan buromin."

"Me ya sa sai an kashe fitila?" na tambaya.

"Ƙwaya mai nauyi tana karkatar da ƙarfin hasken ne," in ji Baba. "Maimakon ya fito ta ƙofar gaba da gudu, sai ya zagaya ta baya ya fito a makare. Kamar kai ranar Litinin."

Yaya ta fashe da dariya har ta dafa bango.

Biyu saura kwata ta ɗauki kwalabenta ta nufi injin. A bakin ƙofa ta juyo. "Kada ka goge komai kafin in dawo. Ko tebur."

Baba ya miƙo mini fensir da farin tef na takarda. "Asiton ba ya cin fensir. Shekara ashirin ina faɗa wa masu binciken nan, ba sa ji. Kwalabe ɗari huɗu ne a kabad ɗin can, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sake rubuta sunayensu da fensir."

Na ja kujera na zauna. Sai la'asar na tuna ban ko duba inda jakata take ba.