Takalman 'Yar Tsibiri

Tun ajin farko Fumika ce mai gudun ƙarshe a tseren miƙa sanda. Ita ke tsinka zaren layin ƙarshe, ita iyaye ke ɗauka hoto. Sai aka kawo Kotone daga wani tsibirin kudu, rana ta ƙona ta, ga dogayen ƙafafu, ga dariya kamar ba a taɓa ɓata mata rai ba. Kafin a ce me, har Rinko, aminiyar Fumika, ta koma jan teburinta kusa da baƙuwar lokacin cin abinci.

"Ke Rinko, kifi take raba miki ne?"

"Kai Fumika! Ta fa iya hira."

Kotone ba ta yi wa Fumika laifin komai ba. Abin da ya fi ciwo ke nan.

Fumika ta fara da farin takalmin da kowa ke sauyawa a bakin ƙofar makaranta, mai suna a dunduniya. Ta zare na Kotone, ta cusa bayan ɗakin kayan wasa. Kotone ta wuni cikin koren silifan da ake ba baƙi, fat-fat a baranda, 'yan aji suna kwaikwayon ƙarar da baki.

"Sannu da zuwa, babbar baƙuwa! A kawo shayi?"

Daga ranar sunanta ya koma Silifa. Rinko ta mai da teburinta inda yake da. Fumika ta ji daɗi, irin daɗin da ba ya kai la'asar.

Ranar da Malam Hirayama zai zaɓi mai gudun ƙarshe, takalmin gudun Kotone ma ya yi ɓatan dabo.

"Ina takalminki?" in ji Malam.

"Na manta shi a gida, Malam." Ba ta kalli kowa ba, ta tuɓe safa. "A garinmu ai haka muke gudu ranar wasanni."

Fumika 'yar birni ce, ba ta taɓa taka ƙasa babu takalmi ba, ta ɗauka kowa haka yake. Aka busa usur. Tafin ƙafar Kotone kawai ta riƙa gani yana nisa. Ashe takalmin ne ke riƙe yarinyar, ita da hannunta ta kwance ta.

Aka ba Kotone gudun ƙarshe. Fumika ce za ta miƙa mata sanda.

Ranar wasanni, suna jiran layi, Rinko ta raɗa mata, "Ki saki sandar kafin ta riƙe. Kowa zai ce Silifa ce ta yar."

Rinko na matsawa, Kotone ta zo tana ɗaure jan ƙyallen goshinta.

"Fumika, takalmin gudun ki riƙe. Amma farin, kakata ce ta rubuta sunan. Shi kaɗai nake so."

Ta tafi layinta. Ba ta ma jira amsa ba.

Fumika ta shawo kwana tana ta biyu. Ga Kotone ta fara gudu, ta miƙo hannu ta baya a buɗe, ba ta waiwayo ba, kamar yadda aka koya musu. Ta san wadda ke bayanta, amma ta buɗe hannun. Yatsun Fumika suka sassauta. Sai kuma ta damƙe, ta maka mata sandar a tafin hannu har sai da ta yi ƙara.

"Karɓi!"

Kotone ta tsinka zare. Iyaye suka ɗauke ta hoto, har da mahaifiyar Fumika. Fumika ta tsaya gefe tana haki, hassadar tana nan daram a ƙirjinta, ko motsi ba ta yi ba.

A ƙarshen mako ta goge fararen takalman da buroshi, tana kaucewa rubutun tsohuwar. Litinin da safe ta mai da su ma'ajinsu, har da na gudun.

"Lah," in ji Rinko, "Silifa ta samu takalmi!"

"Sunanta na nan a dunduniya," in ji Fumika, "in kin iya karatu."