Romon da Owen Cafferkey Ya Sha

A ƙauyenmu, in kana so mutum ya mutu bai yafe maka ba, ka ce masa ɗan romo. Maganar ta samo asali tun shekarun yunwa, lokacin da dankalin turawa ya ruɓe a gonaki. 'Yan mishan na Furotesta suka kafa tukwane suna ba da romo ga duk wanda ya yarda ya bar cocin Katolika ya koma nasu. Wasu suka sha, wasu suka mutu da yunwarsu. Mu 'yan gidan Cafferkey an raine mu a kan cewa namu ba su sha ba. 'Yan gidan Lavelle kuwa, da katanga ce kawai ta raba mu, kowa ya san sun sha.

Da wannan maganar Mama ta raba yayana Manus da Sabina Lavelle, wadda yake nema da aure. Ba a yi wata rigima ba. Cewa ta yi jinin romo ba zai shigo mata ɗaki ba, ni kuma da rawar kaina na taya ta. Manus ya sunkuyar da kai ya koma wajen tumakinsa. Yanzu ya ba saba'in baya bai taɓa aure ba, ni ke dafa masa tun da mijina ya rasu. Ita ma Sabina ba ta yi ba. Kullum suna gaisawa ta kan katanga, a taɓa zancen ruwan sama da na tumaki, kowa ya kama gabansa.

Ana nan sai ga Maureen daga Amurka, wata 'yar'uwarmu ta nesa mai surutu kamar rediyo. Ta zo neman asalin kakar kakarta Honor, 'yar Owen Cafferkey, wanda mu ma daga tsatsonsa muka fito. Ni da kaina na ja ta zuwa wurin Fada Kilbane, ina tafe ina cika baki. Na nuna mata kangon da 'yan mishan suka dafa romon, na ce, "Namu ko ƙofar nan ba su taɓa bi ba."

Fada ya ɗauko littafin baftisma ya shimfiɗa a tebur. Ga 'ya'yan Owen nan bi da bi, sai aka zo shekarun yunwa sunansa ya ɓace ɓat. Bayan wasu shekaru ya sake ɓullowa da wani jariri. Honor, wadda aka haifa a tsakanin, babu ita babu dalilinta.

Na ce, "Danshi ne ya ci shafin, Fada."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shafukan nan lafiyarsu ƙalau, Nuala." Ya juya ga Maureen ya sassauta murya. "Ki gwada ɗaya cocin. Su ma suna da nasu littafin."

Na ce ciwon gwiwata ya motsa, ba zan iya raka ta ba.

Washegari da rana Maureen ta dawo da fara'arta, tana ɗaga waya sama tun daga ƙofar shinge. Na tare ta a bakin ƙofa. Hoton shafin ne ta ɗauko: Honor, 'yar Owen Cafferkey, an yi mata baftisma a cocin Furotesta. Layin da ke ƙarƙashi kuma jaririn gidan Lavelle ne, rana ɗaya aka kai su.

Na riƙe mata hannu na ce, "Don Allah kada ki nuna wa Manus."

"Saboda me, Nuala? 'Ya'yansa ya ciyar fa. Da bai sha ba, da babu ni, da babu ke."

"Ke ba za ki gane ba. Ki dai rufa min asiri."

Ta yi min alkawari ba za ta nuna ba. Ta ce ai ta gamu da Sabina a hanya, ta gayyato ta shan shayi, tunda kakanninsu tare suka je.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sabina ba ta taɓa tako ɗakin girkinmu ba sai ranar. Ta shigo da burodin da ta gasa a naɗe cikin tsumma, ta zauna a gefen kujera da kwat ɗinta a jiki. Manus ya shigo daga garke, ya gan ta, ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta. Ni kuwa sai zuba shayi nake, ina ta zancen farashin ulu kamar an tambaye ni.

Maureen ta cika alkawari, ba ta tayar da zancen ba. Manus ne ya tambaya.

"To, kin samo Honor ɗin taki?"

Ta dube ni. Ya bi idonta ya dube ni shi ma. Ya miƙa hannu, ta ba shi wayar. Ya nesanta ta da fuskarsa yana karantawa, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe a kan layuka biyun nan har shayinsa ya huce.

Ya ce, "Ashe mun sha."

Na ce, "Ƙila wani Owen ɗin ne," alhali na san babu wani Owen.

"Shi ne," in ji Sabina. Ba ta ɗaga murya ba. "Kakata ta sha ba mu labarin. Owen ne ma ya zo ya ƙwanƙwasa wa namu ƙofa, ya ce su tashi su je, yara na mutuwa. Kwano ɗaya suka ɗauka. Da yunwa ta wuce naku suka riga namu komawa cocin Katolika, sunan ya manne mana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau nawa na jefi matar nan da kalmar nan, a makaranta, a ƙofar coci, tana kallona kawai.

Manus ya ajiye wayar a hankali.

"Kin sani a lokacin?"

"Na sani."

"Sabina, da kin faɗa, ai da Mama ba ta da bakin magana. Me ya hana ki?"

Ta gyara tsumman burodin, ta ninke shi gida biyu, ta sa a aljihun kwat.

"So na yi in ga ko za ka zo a yadda ka ɗauke ni, 'yar romo. Na jira, ba ka zo ba."

Ta gode min da shayi, ta yi wa Maureen fatan sauka lafiya, ta fita. Ta taga muna ganinta ta bi gefen katanga zuwa gida. Manus ya tashi ya kai bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya tsaya. Can ya dawo ya zauna, ya jawo burodin gabansa, ya kasa yankawa.