Ranar da Ƙundu Ya Ɓata

Makokha mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi. Ko rediyo ya saya sai ya kwance bayanta ya ga ta inda magana ke fitowa. Abu ɗaya ne bai taɓa tambayar dalilinsa ba, wato ƙundun kaza. A ƙauyensu na wajen Bungoma ƙundu na maigida ne, haka ya taso ya gani. Tunda kuwa bakinsa yake shiga, ina ruwansa da bincike?

Wata Lahadi, an taso daga coci, yayansa Wanyonyi ya biyo shi gida, aka yanka kaza. Naliaka, matar Makokha, ta kawo tuwon masara da kwanon nama ta koma madafa. Wanyonyi ya sa cokali ya juya, ya sake juyawa, babu ƙundu.

Sai ya ture kwanon. Ya ce kazar da ba ƙundu ba a kai ta gaban namiji, wannan raini ne tsagwaronsa, a zamanin babansu abin da bai kai haka ba ma yakan mai da mace gidansu. A kira ta yanzu ta amsa a gabansa.

Makokha ya laluba ransa bai samu fushi ba, sai tambaya. Kyanwa ce? Ko 'yarsu Nafuna? Ya hango matarsa ta ƙofar madafa, tana tsaye riƙe da ludayi ko motsi ba ta yi, tana jiran kira. Wanda ya yi mantuwa ba ya irin wannan tsayuwa.

"Yaya, ci abincinka," ya ce. "Ni na cinye shi tun yana tukunya."

Wanyonyi ya yi dariya har da tari. Ashe ƙanensa ya fara shiga madafa? Saura ɗaura zane ke nan. Ya yi alkawarin duk mazan kasuwa sai sun ji. Abin ya yi wa Makokha ciwo, don ya san tsokanar za ta bi shi har girbi, amma ya haɗiye ta da tuwo.

Da baƙo ya tafi, ya sunkuya ya shiga madafar, hayaƙi na cin idonsa.

"Maman Nafuna, ba faɗa ya kawo ni ba. Wa ya ci?"

"Ni ce."

Ya jawo 'yar kujera ya zauna. Da ta ga da gaske ji yake so ya yi, sai ta ba shi labari. Tana ƙarama ƙanenta ya saci ƙundu a tukunya, babansu ya kori uwarsu, bai kuma je biko ba har ta rasu. Yau tana tsamo ƙundun, sai kawai ta kai baki, don ta san abin da ke cikinsa.

Kunya ta rufe Makokha. Da ƙafarsa ya je jana'izar surukarsa, ya ga a gidan 'yan'uwanta aka binne ta maimakon gidan mijinta, bai kuma taɓa tambayar matarsa dalili ba.

"To, me kika samu?" ya ce a hankali.

"Tauri, Baban Nafuna. Na yi ta tauna ina jiran in ji abin da ya kai uwata daraja. Har na haɗiye ban ji ba."