Jar Kwat Ta Canja Jirgi

Ran tafiyar, Maman Aku ta riga agogo tashi. Kafin ya yi ƙara har ta baje kaya a kan gado kashi biyu, ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu. Kashin dama na inda suke ne: rigunan ulu, safa masu kauri, hulunan sanyi. Kashin hagu na inda za su: 'yan riguna marasa nauyi da silifas. A waje dusar ƙanƙara ta binne motocin layinsu, ba ka gane taka sai ka share lamba. Can gida kuwa ta san ranar da ke jiran su, irin wadda ke sa kwalta laushi.

Shekara da shekaru rabonta da gida. Tun da ta samu aikin tuƙin bas a wannan gari mai sanyi take cewa baɗi, baɗi. Har ta haifi 'yarta, har yarinyar ta shiga firamare ba ta taɓa ganin kakarta ido da ido ba. Yau dai ga tikiti biyu a jaka, zuciyarta sai tsalle take kamar ta ƙaramar yarinya.

"Mama, na shirya!"

Aku ce a bakin ƙofa. Ubanta ya laƙa mata sunan saboda bakinta ba ya hutawa. Ta sha baƙin tabarau, ga 'yar riga iya gwiwa, ga silifas.

"Haka za ki fita?"

"Ba ke kika ce can zafi ake ba?"

Baban Aku ya leƙo daga kicin da kofin shayi a hannu. Shi gyaran lif, na'urar hawa bene, yake yi, kuma bai samu hutu ba, rakiya kawai zai yi musu. Ya ce, "Bar ta. Aku, je ki leƙa min motata ki dawo."

Yarinyar ta tafi tana taku ɗai-ɗai. Suka ji an buɗe ƙofar waje, suka ji ihu, suka ji an rufo ta da ƙarfi. Sai ga ta a guje ta faɗa cikin bargo, haƙora na haɗuwa. Uban ya yi dariya har shayi ya zube masa a safa.

Daga nan ba gardama. Maman Aku ta shirya ta yadda ta tsara: rigar zafin tana can ciki, wandon ulu a ƙasa, suwaita a kai, jaket a kan suwaita, sannan hula da safar hannu da takalmin sanyi. Da aka gama, hannuwan Aku ba sa iya sauka su taɓa cinyarta. Ita ma uwar haka ta yi, ta ɗora jar kwat ɗinta a kan komai. Doguwa ce har ƙwauri, da hula mai gashi a baki. Mijinta ya saya mata ita a sanyinta na farko a bakin aiki, lokacin da take dawowa gida yatsu a sandare.

"Da mun isa filin jirgi zan cire ta in ba ka ka dawo da ita," in ji ta. "Kar ka bari in manta."

"Ni zan manta? Haba dai."

Duka biyun suka manta. Motar share ƙanƙara daga hanya ta tare su a babban titi, suka yi ta binta a baya kamar masu rakiya, Maman Aku tana duba agogo tana cewa da ita ke tuƙi da tuni ta bi ta bayan kasuwa. Suna isa, wurin sauke fasinja ya cika, wani ma'aikaci yana ta busa usur. Baban Aku ya fiddo akwatuna, ya ɗaga 'yarsa sama ya dire, ya ce a gaishe masa da kowa da kowa. Suka ruga ciki. Sai a wurin bincike, da aka ce ta cire rigar sama, ta dubi jikinta ta dafe kai.

"Wayyo, kwat ɗin!"

"Ni na gani," in ji Aku, tana zamiya da safa a kan tayil. "Na zaci ita ma za ta gaishe da Kaka ne."

A jirgin farko rigar ta ƙi shiga ma'ajin kaya na sama. Maman Aku ta rungume ta a cinya kamar goyo na biyu. Ta ɗan yi rana dai, don da sanyin jirgi ya fara ratsa su, ita suka lulluɓa, Aku ta yi barci a cikin hular mai gashi.

Suka sauka a wani ƙaton filin jirgi inda za su canja jirgi. Tun daga tagogin gilashi ake ganin rana ta buɗe sosai. Suka shiga banɗaki suka fara ɓare kansu. Jaket ta fita, suwaita ta fita, wandon ulu ya fita, Aku tana ta raguwa har ta koma 'yar siririyar da aka sani. Ta karɓi tabaranta ta maƙala, ta juya a gaban madubi. Kayanta duka suka shige jakar baya da ƙyar, uwar ta zauna a kai kafin zif ya ja. Jar kwat ɗin ce ta rasa wuri. In ta rataya a kafaɗa ta zame, in ta ɗora a akwati ta ja ƙasa. Haka suka isa wurin jira, Maman Aku tana gumi tana tsaki.

Ba su daɗe da zama ba Aku ta taɓa ta. "Mama, Baban can irin maganarmu yake yi!"

Wani dattijo ne a kujerar gaba, sanye da riga shara-shara da buɗaɗɗen takalmi, ya ɗora 'yar jaka a gwiwa. Waya yake da maiɗakinsa da ƙarfi kamar wanda yake kiran na tsallaken titi.

"Na ce miki na shirya! Singileti biyu na sa! To, to, sai na sauka."

Yana kashe wayar Aku ta riga ta isa gabansa. Dole uwar ta bi ta, ta rusuna ta gaishe shi. Dattijon ya washe baki, ya ce tun safe bai samu wanda zai ce wa sannu ba. Nan da nan ya zazzage musu labari. Autarsa ce ta gama karatun likita, za a ba ta shaida, shi ne zai je ya gani da idonsa. Ya zaro tikitinsa yana nuna musu. Maman Aku ta karanta, ta sake karantawa. Garin da suka baro da safe ne.

"Baba, ina rigar sanyinka?"

Ya buɗe jaka ya fiddo wata suwaita mai maɓalli, wadda in ka ɗaga ta a haske kana hango mutum ta ciki. "Ga ta. Kuma kar ki damu, 'yata. Ni da sanyi mun san juna. A kamfanin ƙanƙara na yi aiki har na yi ritaya."

"Likitar za ta zo tarbarka da wata, ko?"

Ya rage murya, idanunsa na ƙyalli. "Ba ta san yau zan zo ba. Ta zaci sai ƙarshen mako. Bas zan hau, an ce akwai mai tsayawa a ƙofar asibitinsu. So nake ta fito kawai ta gan ni."

Maman Aku ta san bas ɗin. Layin da take tuƙi ne. Ta san tashar nan, ko rumfa babu, iska kuwa tana zuwa daga kogi kai tsaye. Kafin ta san ta inda za ta fara, Aku ta zare wayar uwar daga hannunta ta kunna bidiyon da suka ɗauka da safe.

"Baba, kalli Babana."

Dattijon ya gyara tabarau. "Me yake haƙa a cikin farin tudun nan?"

"Motarmu ce a ciki."

Ya sa aka maimaita masa. Can ya ce, "Mu a kamfani, in sanyi ya ishe ka sai ka buɗe ƙofa ka fito rana."

"Can in ka buɗe ƙofa, cikinsa ka shiga," in ji Maman Aku.

Ta dubi rigar da ke hannunta. Ta shafa hular sau ɗaya, ta tuna yatsunta na wancan lokacin, sannan ta miƙa masa. "Baba, tashi ka gwada."

"Ni? Rigar mata? Ja kuma? 'Yata, so kike a yi ta kallona!"

"Ba mai kallon ka. Kowa ta hancinsa yake, kar ya daskare."

Ya ƙi, ya ce ba zai raba ta da kayanta ba. Ta ce taimakonta zai yi, tun safe take dako. Aku ta kama hannunsa tana ja, har dai ya miƙe yana ƙunƙuni. Hannun rigar ya ɗan gaza, amma kafaɗa ta zauna daram. Aku ta hau kujera ta ja masa zif har haɓa, ta kifa masa hular. Furfurarsa ta ɓace a cikin gashin, sai hanci da tabarau. Wata mata a gefe ta tafa. Dattijon ya dubi kansa a gilashin taga, ya juya dama, ya juya hagu, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi uwar yaran nan ba za ta gane ni ba! Ɗauke ni hoto in tura mata!"

Maman Aku ta nuna masa safar hannu a aljihu, ta ƙara masa da safar ulu, ta ce da ya sauka ya nemi takalmi rufaffe a shagunan ciki kafin ya taka waje. Ta kuma sa shi ya yi alkawarin zama kusa da direba, ya faɗa masa asibiti za shi. Ya yi ta sa musu albarka. Da aka kira jirginsa, ya laluba jaka ya zaro mafici ya danƙa wa Aku.

"Inda za ki, jikata, wannan shi ne kwat."

Suka tsaya suna kallon jar rigar tana tafiya cikin layi har ta shige. Sannan Maman Aku ta kira mijinta.

"Kwat ɗin ta kamo hanyar dawowa," in ji ta, "amma ba ni ce a ciki ba."

Ta ba shi labari, yana dariya yana salati. Ya ce, "To ke ran dawowa fa?"

"Ka zo min da taka."

"Ni kuma in sa me?"

"Singileti biyu."

Jirgi na biyu bai ji mata tsawo ba. Da aka buɗe ƙofa suka fito kan matakala, iska mai ɗumi ta rufe su kamar an yafa musu tawul daga ruwan zafi. Ƙasa a jiƙe take, da alama an yi ruwa, ƙamshinta yana tashi. Maman Aku ta tsaya ta ja numfashi, idanunta suka cika.

"Mama," in ji Aku, tana fifita da hannu biyu, "wa ya manta bai kashe hita ba?"

A wajen fita, ƙaninta, Kawun Aku, ta fara hangowa yana ɗaga hannu sama da kowa. Kusa da shi wata 'yar tsohuwa ce cikin suwaita mai kauri, ta naɗe wuya da mayafi. Maman Aku ta saki akwati a tsakiyar hanya.

"Inna!"

Suka rungume juna suna kuka suna dariya, Kawu yana tattara kayan da aka yasar. Aku ta cire tabarau, ta ƙare wa tsohuwar kallo daga sama har ƙasa.

"Mama, ashe Kaka tana da ƙafafu! A waya kai kawai nake gani."

Kaka ta sunkuya ta kama fuskarta da hannu biyu, ta sumbaci goshinta. Sai ta taɓa damtsenta, ta ɗago a fusace ta harari 'yarta.

"Ke yanzu da girmanki, haka kika fito min da yarinya ba ko mayafi? Ba ki ga an yi ruwa ba? Tun safe muke rawar ɗari!"

Ta warware mayafin wuyanta ta naɗe Aku da shi tsaf, har kunne. Aku ta leƙo ta ciki, gumi na bin hancinta, ta dubi uwarta tana neman ceto. Maman Aku ta kasa magana don dariya. Kawu ya ce su zo mota tana can nesa, Kaka ta riƙe hannun jikarta gam suka yi gaba, tana tambayarta ko ta ci abinci a jirgi.