Makullin Akwatin Littattafai

Shekarar da kuɗin mai suka cika gari, gwamnati ta aiko wa 'yan aji shida na makarantar 'yan mata da ke Ƙofar Guga akwatin ƙarfe, cike da littattafan yara guda arba'in. Malama Furera ta ce yarinya ɗaya ce za ta riƙe makullin, kuma kowace Juma'a tana da ikon tafiya gida da littafi biyu. Sai ta karanta musu labari ɗaya daga ciki, ta ce gobe kowa ta kawo darasinsa a rubuce. Wadda tata takardar ta fi, makulli nata.

Hajo, ɗiyar Lado maɗinki, ta ƙwallafa rai. A gidansu, in ban da allo da Alƙur'ani, babu abin karantawa sai rubutun jikin gwangwanin madara.

Labarin na wata yarinya ne da aka saya wa jan takalmi. Maƙwabciyarta ta ji haushi ta sace shi, ta ɓoye a rumbu, da ta zo sawa kunama ta harbe ta. Hajo ta karɓi littafin ta duba hotunan. Mai takalmin ba ta yi komai ba tun daga farko har ƙarshe, sai murmushi. Ɗayar ce ke ɗiban ruwa, ita ke surfe, ƙafa duk faso. Kuma duk littattafan da Hajo ta taɓa gani haka suke: mai abu shi ne na kirki, marashi kuwa ya yi shiru, in ya ɗaga ido a hukunta shi.

Da la'asar aka aike ta Ƙofar Sauri, gidan kawunta Alhaji Sammani, wanda kwangilar siminti ta ɗaga cikin shekara biyu. A falonsa akwai kabad mai gilashi, an jera littattafai masu launi daga Kaduna, ba mai taɓa su sai mai share ƙura. Ɗiyarsa Asabe, 'yar ajinsu Hajo, tana kwance kan kushin tana tsotsar alawa.

"Taubashiya, zo ki cece ni. Mi zan rubuta? Ni barci na yi tun kafin a kai ga rumbun."

"Ke da ke da kabad guda?"

"Kabad ɗin na baƙi ne. Ke ce mai kai, baiwata."

"Baiwar wa? Allah ya sawwaƙe."

Hajo ta dubi gilashin, ta dubi ƙafar Asabe, sumul. Ta san Malama ba ta son gardama, ta kuma san bulalar da ke bayan allo.

"Rubuta," in ji ta. "Wanda ya yi littafin nan bai yi adalci ba. Shi ya ba ɗaya takalmi, ya ba ɗaya kunama. Bai faɗi abin da mai takalmin ta yi ta samu ba. Sata ba kyau, amma da ya sa ta yi kwana guda tana ɗiban ruwa ba takalmi, sannan mu ga halinta."

Asabe ta kwashe tsaf, har tana lasar fensir. Hajo ta koma gida ta rubuta nata da kyakkyawan hannu: hassada mugun hali ce, yaro nagari yana gode wa Allah da abin da ya samu.

Washegari Malama ta zauna da takardun, tana jefar da su gefe ɗaya bayan ɗaya.

"Hassada, hassada, hassada. Ku talatin da takwas, kamar da bakin mutum ɗaya. Asabe Sammani, miƙe."

Hajo ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta. Sai ta ji Malama tana karanta maganarta, kalma bayan kalma, a hankali.

"Ban yarda da duk abin da ta ce ba. Amma ita kaɗai ta karanta, ta yi tunani. Zo karɓi."

Hajo ba ta san sanda ta miƙe ba.

"Malama, wannan maganar tawa ce. Ni na faɗa mata."

"Haka ne, Asabe?"

"Haka ne, Malama. Ta taimake ni."

Malama ta tono takardar Hajo daga cikin tarin, ta ɗaga.

"To wannan da kika sa wa sunanki fa, ta wa ce? In kin yarda da waccan, mi ya hana ki kawo ta? In kuwa ba ki yarda ba, don mi kika ba 'yar'uwarki?"

Hajo ta dubi takardar da ke hannun Malama.

"Zauna. Abin da aka kawo mani nike dubawa."

Ran Juma'a Asabe ta buɗe akwatin, makulli na lilo a wuyanta da zaren ulu. Ta yafito Hajo, fuskarta a sake, babu alamar ta gane komai.

"Zaɓar mana biyu ki tafi da su. Litinin ki faɗa mani abin da ke ciki, kada Malama ta tambaye ni."

Hajo ta so a ce gori ne, da ta san amsar da za ta bayar. Ta tsaya har na bayanta suka fara tsaki. Sannan ta durƙusa gaban akwatin, ta ɗauki biyun da suka fi kauri.